Hannun da Ya Shanye: Yadda Ake Maido Shi Bakin Aiki

Shanyewar ɓarin jiki ciwon ƙwaƙwalwa ne, ko da yake a hannu da ƙafa da fuska ake ganin alamarsa. Yana aukuwa idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe hanya, ko saboda hanyar ta fashe jini ya malala. Cikin 'yan mintuna sashen da ya rasa jini yake fara mutuwa, kuma duk aikin da yake riƙe da shi sai ya tsaya: magana, ko gani, ko tafiya, ko riƙon abu. A cikin waɗannan, hannu ne ya fi wuyar dawowa. Galibin waɗanda suka tsallake kwanakin farko sukan miƙe su taka, ko da da sanda ne, amma kusan rabin waɗanda ciwon ya taɓa wa hannu suna nan da rauninsa bayan wata 6.

A duniya mutum fiye da miliyan 12 ne ke kamuwa da wannan ciwo kowace shekara. Babban binciken da aka yi a kansa a Afirka ta Yamma shi ne wanda ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya duba marasa lafiya fiye da 2,000. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce ta same su, kashi 32 fashewa, kuma hawan jini ne ummul'aba'isin kusan tara cikin goma. Kusan ɗaya cikin huɗu bai cika shekara 50 ba, wato yana tsakiyar ƙarfinsa.

A ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, kudu da birnin Sakkwato a kan hanyar Tambuwal da Jega, da hannu ake ci da gida: noman gero da dawa da wake da damina, lambu da rani, kiwo, ɗinki, ƙira, fawa, da sana'o'in mata na cikin gida kamar fura da ƙuli-ƙuli da saƙar faifai. Idan hannun magidanci ya shanye, gida guda ne ya tsaya. Sassan gashin ƙashi masu ƙwararru da kayan aiki kuwa suna cikin birni, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Mutumin garuruwan yankin, kamar Sifawa ko Kajiji ko Dandin Mahe, ba zai iya ɗaukar shatar mota kullum ya kai mara lafiya ba. Saboda haka mafi yawan aikin farfaɗo da hannu a gida zai gudana, a hannun mata da 'ya'ya da ƙanne, kuma abin da suka sani ko suka jahilta shi ke yanke makomar hannun.

Dalilin da hannu ke jinkiri

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27, da tsokoki fiye da 30 da ke sarrafa su. Umarnin motsi yana tasowa daga saman ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta wasu jijiyoyi, ya tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren a gindin ƙwaƙwalwa, sannan ya bi laka ya isa tsoka. Wannan tsallakawa ce ta sa ciwon da ya sami hagun ƙwaƙwalwa ke shanye hannun dama. Da yake cibiyar magana ta yawancin mutane a hagu take, shanyewar dama takan zo tare da sarƙewar harshe.

A 1937 likitan tiyata Wilder Penfield, a birnin Montiriyal na Kanada, ya zana taswirar yadda ƙwaƙwalwa ta raba filinta ga gaɓoɓin jiki. Hannu da baki ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Babban yatsa shi kaɗai ya samu fili mai faɗi da bai yi daidai da girmansa ba. Hanyar jinin da ta fi yawan toshewa kuma ita ce ke shayar da wannan fili na hannu da fuska.

Lomar tuwo ɗaya ta isa ta nuna yawan aikin. Kafaɗa za ta kai hannu bakin akushi, gwiwar hannu ta miƙe, wuyan hannu ya ɗan ɗaga ya tsaya cak, yatsu su buɗe daidai girman abin da za a gutsura. Sai a mulmula, babban yatsa ya lotsa tsakiyar lomar domin miya ta samu wurin zama, a dangwala, hannu ya juya tafinsa ya fuskanci baki, babban yatsa ya tura. A duk tsawon wannan fatar yatsu tana sanar da ƙwaƙwalwa zafin tuwon da laushinsa da santsin miyar kuka, ita kuma tana daidaita matsi don kada lomar ta fashe ko ta suɓuce. Ƙafa ba ta da irin wannan aiki. In ta iya ɗaukar nauyi ta yi gaba ta dawo, an yi tafiya. Ga kuma wani bambanci: ba a tafiya da ƙafa ɗaya, don haka dole mara lafiya ya tilasta wa shanyayyiyar ƙafa aiki. Hannu kuwa yana da ɗan'uwan da zai rufa masa asiri, sai a jingine shi a cinya a manta da shi.

Matakan dawowa

Tun 1951 likita Thomas Twitchell ya bayyana tsarin da dawowar motsi ke bi, kuma har yau a kansa ake tafiya. Da farko hannu yakan saki lakwas, in an ɗaga shi an sake sai ya faɗi. Bayan kwanaki ko makonni sai tauri ya shigo: gwiwar hannu ta lanƙwashe, hannu ya manne a ƙirji, wuyan hannu ya karyo ƙasa, yatsu su dunƙule su rufe babban yatsa a ciki. Motsin farko da ke dawowa a dunƙule yake zuwa; mara lafiya zai so miƙa hannu, sai kafaɗa ta ɗage, gwiwa ta lanƙwashe, yatsu su matse, duk lokaci guda. Daga baya ne gaɓoɓi ke fara rabuwa kowace ta yi nata, kuma motsin yatsa ɗaya-ɗaya shi ne na ƙarshe. Wani yakan wuce matakan duka cikin makonni, wani ya tsaya a tsakiya.

Alamar da likitoci suka fi dubawa ita ce buɗe yatsu. A wani bincike na ƙasar Holan da aka buga a 2010, waɗanda suka iya ɗan miƙe yatsu da ɗan ɗaga kafaɗa gefe cikin kwana 3 na farko, 98 cikin 100 sun samu wani amfani na hannun a wata 6. Waɗanda ba su iya ko ɗaya ba, ɗaya cikin huɗu ne ya samu. Dunƙulewar yatsu a kan hannun mai gaisuwa takan faranta wa dangi rai, a ce ƙarfi ya dawo, amma sau da yawa taurin ciwon ne. Abin murna na gaskiya shi ne ranar da yatsun suka saki da umarnin mai su.

Wata 3 na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara. Abin takaici, su ne kuma watannin da suka fi salwanta wajen yawon neman magani daga wannan gari zuwa wancan.

Kwanakin farko

Kafin a fara koya wa hannu aiki, sai an tsare shi daga lalacewa. Wurin da ya fi haɗari shi ne kafaɗa. Gaɓarta ba ta da zurfi, tsoka ce ke riƙe da ita. Da tsokar ta saki, nauyin hannu kaɗai ya isa ya janyo ƙashin ƙasa, har a ji gurbi ƙarƙashin ƙashin kafaɗa da yatsa zai shiga. Idan aka kama shanyayyen hannu aka ja don a tayar da mara lafiya daga tabarma, ko aka cusa hannu a hammatarsa aka ɗaga, za a iya jawo ciwon kafaɗar da zai hana atisaye na watanni. A riƙe shi ta ƙugu da bayan kafaɗa. Wajen sa riga, shanyayyen hannu ne ke fara shiga. Wajen tuɓewa shi ne na ƙarshen fita. Igiyar da ake ratayawa a reshe ko a azara domin lafiyayyen hannu ya riƙa jan shanyayye sama tana daga abubuwan da likitoci ke hanawa, domin tana murɗa kafaɗa ba bisa ƙa'ida ba.

In yana zaune, hannun ya kwanta a kan matashi ko tebur a gabansa, inda zai riƙa ganinsa, tafin a buɗe. In yana kwance a kan lafiyayyen gefe, a miƙa shanyayyen hannu gaba a kan matashi. Kada a bar shi yana reto a gefen gado, domin kumburi zai taru a yatsu, kumburi kuma yana kawo ƙagewa. A cire zobe da awarwaro tun da wuri. Sau biyu ko uku a rana a motsa kowace gaɓa a hankali: a miƙe gwiwar hannu, a juya tafi sama da ƙasa, a ɗaga wuyan hannu, a buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, a ware babban yatsa daga tafi. Kada a ɗaga hannu ya wuce tsayin kafaɗa sai likita ya nuna yadda ake yi. Da an ji zafi a tsaya. A wanke tafin hannu a busar da shi sosai, a yanke farce, don dunƙulallen hannu yakan riƙe gumi ya yi wari har ya yi gyambo.

Gaggawa ma tana da iyaka. Wani babban gwaji mai suna AVERT, da aka yi a kan marasa lafiya fiye da 2,000 aka buga a 2015, ya nuna cewa tayar da mara lafiya da yawa cikin awa 24 na farko ba ya ƙara masa alheri, yana ma rage shi. Likita ne zai faɗi ranar farawa, kuma yawanci cikin kwanakin farko ne, kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

A nan ne ya kamata a yi maganar magungunan gida. Mutane da dama suna danganta wannan ciwo da iska ko jifa, saboda yadda yake kada mutum farat ɗaya, a gona ko a makewayi ko da asuba. Addu'a da tofi ba su taɓa hana atisaye ba, kuma kwanciyar hankalin da suke ba mara lafiya abu ne mai amfani. Amma tsaga da ƙaho da sakiya a kan hannu suna neman ciwon ne a inda ba ya nan, kuma ga mai ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini suna iya zama masifa. Gashi da tafasasshen ruwa ko kusantar garwashi da sanyin hunturu sun ƙona hannuwa da yawa, domin fatar ba ta jin zafi balle mai ita ya janye. Miƙar ƙarfi irin ta masu ɗori tana yaga kafaɗa. Ɗura rubutu ko kunu ga wanda haɗiya ta gagara kuwa yana tura ruwa cikin huhu, kuma ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura a makonnin farko.

Aikin da ke gina ƙwaƙwalwa

Sashen da ya mutu ba ya dawowa. Abin da ke faruwa shi ne sassan da ke kewaye da shi suna karɓar aikinsa, suna ƙulla sababbin hanyoyin saƙo. Kamar gada ce ta karye da damina, motoci suka ratse ta daji: ranar farko da ƙyar ake wucewa, amma yawan bi ke mayar da ratsen hanya, in kuma aka daina bi ciyawa ta rufe shi. A 1996 Randolph Nudo, a Amurka, ya nuna haka a kan birai. Waɗanda aka bari ba horo bayan ƙaramin ciwo a filin hannu, ragowar filin ma ya ƙanƙance. Waɗanda aka sa su ciro 'yan ƙwayoyin abinci daga ƙananan ramuka sau ɗaruruwa a rana, filin ya tsira, hannun kuma ya dawo da gwanintarsa.

Wani masani, Edward Taub, ya gano ɗaya fuskar al'amarin. A makonnin farko mara lafiya yakan gwada hannun ya kasa, ko ya zubar da kofi ya ji kunya, sai ya koma ga lafiyayyen. Kafin ƙarfi ya fara dawowa ya riga ya saba da rashin amfani da shi. Sai a tarar da hannun da zai iya riƙe moɗa, amma wata da watanni ba a ba shi moɗar ba.

A gidan Bahaushe tausayi da girmama na gaba suna ƙara wa wannan matsala ƙarfi. Ɗa nagari ba ya iya tsayawa yana kallon mahaifinsa yana fama da maɓallin riga. «Baba, kawo in sa maka.» «Inna, ki huta, za a ba ki a baki.» Niyya ce mai kyau, lada kuma tana nan, amma duk aikin da aka karɓe wa hannun an hana ƙwaƙwalwa darasi ɗaya. Taimakon da ya fi shi ne a zauna kusa, a ba shi lokaci, a tallafa wa gwiwar hannu in ta gaza, a bar yatsu su ƙarasa: «Baba, gwada da kanka, ina nan.» Wannan ya fi ciyarwa a baki wuya, domin yana bukatar haƙurin kallon abinci yana zuba a riga.

Sai batun yawa. Dabbobin gwaji suna maimaita motsi sau 400 zuwa 600 a rana kafin a ga canji a ƙwaƙwalwarsu. Amma da Catherine Lang da abokan aikinta suka ƙirga abin da ake yi a asibitocin Amurka da Kanada a 2009, sai suka tarar matsakaicin maimaicin aikin hannu a zama ɗaya 32 ne kacal. In haka abin yake a can, ziyarar Sakkwato sau ɗaya a mako ko a wata ba za ta taɓa isa ita kaɗai ba. A Jami'ar Bayero ta Kano, Dakta Auwal Abdullahi na sashen gashin ƙashi ya gwada auna atisaye da yawan maimaici, 300 ko 600 a rana, maimakon yawan awoyi, kuma sakamakon da ya buga a 2018 ya nuna wannan hanya tana aiki. Amfaninta ga mutumin karkara a fili yake: ba a bukatar agogo ko na'ura, ƙidaya kawai. Carbi mai 'ya'ya 99 in mai jinya ya zagaya shi sau uku an kusa 300. Ko kuma a raba aikin bisa lokutan salla, 60 bayan kowace, ta yadda gajiya ba za ta taru ba, mantuwa kuma ba za ta samu ƙofa ba.

Aikin da za a maimaita ya danganta da matakin hannun. Wanda bai da motsi sosai zai sarƙe yatsun hannayensa biyu, lafiyayye ya jagoranci shanyayye, ya tura tsumma gaba da baya a kan tebur ko faifai, ko ya dafa tafin a kan tabarma ya ɗan jingina nauyinsa. Ko a wannan mataki a ba hannun matsayin mataimaki: ya danne ƙwarya yayin da ɗayan ke dama fura, ya danne takarda, ya tare buta. Wanda ya fara kamawa zai ɗauki kofin roba marar komai ya ajiye, ya ɗauki lemo ko albasa daga wannan kwano zuwa wancan, ya kai hannu baki, ya shafi fuska irin ta alwala. Wanda yatsunsa suka fara rabuwa zai koma kan ƙananan abubuwa: tsince wake ɗaya-ɗaya, ɓare gyaɗa, murɗa murfin kwalba, juya makulli, ɗaure mazagi, ƙirga kuɗi, jan carbi, latsa lambobin waya, ɗaga manuniya irin ta tahiya, rubutu da alƙalami a allo. Tela a ba shi zare da ƙyalle, mai fura a ba ta ludayi, manomi a ba shi ƙotar fartanya marar ƙarfe. Ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon abin da mai ita ya damu da shi.

Ƙa'idar ita ce aikin ya yi ɗan wuya amma ya yiwu. In ana cin nasara kowane karo, a ƙara nauyi ko nisa ko a rage girman abin. In ana kasawa kowane karo, a sauƙaƙa. A kula kada mara lafiya ya riƙa karkato da gangar jiki gaba ko ɗage kafaɗa don ya isa abu, domin wannan dabara in ta zauna tana hana gwiwar hannu koyon miƙewa. Zama a kujera mai majingina yana taimakawa. Kusan kowane gida akan sayo ƙwallon roba a ce ya yi ta matsawa. Ba laifi a ƙarfafa riƙo, amma tsokokin matsewa su ne dama suka rinjaya. Na buɗewa ne ke da rauni. Kowace kamawa ta ƙare da saki cikakke, yatsu a miƙe.

Ɗaure lafiyayyen hannu, madubi da lantarki

Daga binciken Taub aka samo hanyar da ake sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri don a tilasta wa shanyayye aiki. A gwajin EXCITE da aka buga a Amurka a 2006, marasa lafiya 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da ciwon ne suka shiga. Waɗanda aka yi wa wannan magani sun sa safar kusan duk lokacin da suke farke na mako 2, tare da horo har awa 6 a rana, kuma bayan shekara guda suna gaba da sauran. Yanzu an fi amfani da sassauƙan tsari mai ƙarancin awoyi da ƙarin makonni. Hanyar ba ta kowa ba ce. Sai wanda ya riga ya iya ɗan ɗaga wuyan hannu da ɗan miƙe babban yatsa da wasu yatsu biyu, kuma ba a sa safar lokacin tafiya da sanda ko shiga makewayi. Likita ne ya kamata ya tsara ta.

Al'ada tana da tasiri a nan ta fuska biyu. Wanda damansa ya shanye yana da abin da ke ingiza shi, domin yana son ya ci, ya gaisa, ya karɓa, ya bayar da dama kamar kowa. Wasu ma sukan ƙi cin abinci gaban mutane don kunyar hagu, alhali shari'a ta yi rangwame ga mai lalura, a ci da alwala da salla duka. Wanda hagunsa ya shanye kuwa shi ne aka fi sakaci da hannunsa, ana ganin dama ta wadatar, har sai an zo ɗaure wando ko tsarki ko riƙon fartanya.

Madubi hanya ce mai arha ga wanda hannunsa bai fara motsi ba. Ana tsayar da madubi a tsakiyar tebur, gefensa yana fuskantar ƙirjin mara lafiya, shanyayyen hannu a ɓoye a bayansa. Yana buɗewa da rufe lafiyayyen yana kallon hoton, sai ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa shanyayyen ne ke motsi. V. S. Ramachandran ne ya fara amfani da dabarar ga waɗanda aka yanke wa hannu, a 1999 aka gwada ta ga masu shanyewa, kuma wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 62 ya tabbatar tana ƙara motsi. Minti 15 zuwa 30 a rana, a wuri marar hayaniya, sun wadatar.

Jin taɓawa ma ana koyar da shi. A rufe ido a sa hannu cikin ƙwaryar gero a lalubo makulli ko dabino, a bambance yashi da auduga, a faɗi wane yatsa aka taɓa. Na'urar lantarki da ake mannawa a bayan damtse tana taimaka wa tsokokin buɗe yatsu, musamman in mara lafiya yana ƙoƙarin motsin a daidai lokacin. Kwanciya a bar na'ura ta yi ta fizga ba ta koya wa ƙwaƙwalwa komai sosai. In tauri ya yi tsanani akwai magungunan sha da allurar botulinum da ke sassauta tsoka na kimanin wata 3. Suna sauƙaƙa wanka da sa tufafi, amma ba sa maye gurbin atisaye.

Abubuwan da ke tare hanya

Wasu masu shanyewar hagu sukan manta da ɓangaren hagu ɗungurum: su ci rabin kwano su bar rabi, su bugi ƙyaure da kafaɗa, su kwanta a kan hannun ba su sani ba. Ba taurin kai ba ne, ciwon ne. A riƙa zama ana yi musu magana ta wannan gefe, a ajiye rediyo da ruwan sha a can. Wanda harshensa ya sarƙe a nuna masa aikin da hannu maimakon dogon bayani, kuma kada a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, domin da yawa suna fahimtar komai. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa, su daina ci da barci da sha'awar komai. Dattijon da jiya yake yanke hukunci a gida yau ana kai shi makewayi. Ba abin mamaki ba ne ya juya fuska bango. Wannan ciwo ne mai magani, a faɗa wa likita. Fitar da shi zaure, kai shi masallaci, da ci gaba da neman shawararsa a al'amuran gida suna cikin jinya.

Cin moriyar zuwa asibiti

Masu aikin farfaɗo da hannu iri biyu ne: likitocin gashin ƙashi, da masu koyar da ayyukan yau da kullum, waɗanda suka fi ƙwarewa a kan hannu amma suke da ƙaranci ƙwarai a Najeriya. Hukumar da ke yi musu rajista an kafa ta a 1988, kuma mara lafiya yana da ikon tambayar ko mai taɓa shi yana da rajistarta. Ga wanda ya taso daga karkara, kamar Lambara ko Takatuku, ziyara ɗaya tana da tsada, don haka a mayar da ita makaranta. Wanda ke jinya a gida shi ne zai raka, ba wanda ke da kuɗin mota kawai ba. Ya yi atisayen da hannunsa a gaban likita a gyara masa, ya nemi izini ya ɗauki bidiyo da waya, ya tambayi sau nawa, da abin da za a ƙara in an iya wannan. Awon jini da karɓar magani kuwa ana iya yinsu a babban asibitin Boɗinga ko cibiyar lafiya mafi kusa.

Ci gaban hannu a hankali yake, wanda ke gani kullum ba ya lura, har a yanke ƙauna alhali ana gaba. Likitoci suna da gwajin da ake ƙirga 'yan katakai nawa mutum zai kwashe daga wannan akwati zuwa wancan cikin minti 1. A gida dabino ko goro da kwano biyu sun isa: kowace Juma'a a ƙirga a rubuta. Daga 4 zuwa 7 cikin wata guda ci gaba ne na gaske, kuma takardar za ta taimaki likita.

Wanda ya daɗe da ciwon ma ƙofa ba ta rufe masa ba. A wani asibiti da ke Queen Square a Landan, marasa lafiya 224, galibinsu sun haura shekara da ciwon, sun samu horon awa 90 cikin mako 3, kuma rahoton 2019 ya nuna hannayensu sun inganta, ingancin kuma ya ɗore bayan wata 6. Saurin ya ragu, amma koyo bai tsaya ba. Wanda hannunsa bai dawo ba duk da ƙoƙari, ana ci gaba da motsa gaɓoɓi da tsafta don kauce wa ciwo da ƙagewa, a koya masa dabarun hannu ɗaya: cokali mai kaurin mariƙi da aka naɗe da tsumma, wando mai roba maimakon mazagi, takalmi marar igiya, kwano a kan jiƙaƙƙen ƙyalle don kada ya zame.

Duk wannan aiki yana rushewa idan ciwon ya sake bugawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu shanyewa a karo na biyu ne ko fiye. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. A riƙa awo, a rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, tare da lissafin dunƙulen miya da kanwa, a bar taba, a kula da suga. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na 'yan mintuna ne ya wuce, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa nan take, kada a ba shi ci ko sha ko asfirin a hanya. Hoton ne kaɗai ke bambance toshewa da fashewa, maganinsu kuma kishiyar juna ne, allurar narkar da gudan jini kuwa, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yinta.